Zarto mai batir ya shigo karkara: mu san cajinsa, mu san riƙonsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Kurni da kewaye, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani kayan aiki da ya fara shigowa karkara, wato ƙaramin zarto mai aiki da batir. Ana sayar da shi a kasuwannin Kano, Maraɗi da Damagaram, kuma ƴan ci-rani sukan zo da shi cikin tsarabarsu. Ba ya shan mai, ba a jona shi da waya a lokacin aiki, nauyinsa bai kai na tiya guda ta hatsi ba. Reshen da gatari zai yi wa sara ashirin, shi kafin ka ja numfashi biyar ya raba shi da uwarsa.

Amfaninsa a fili yake. Haɗarinsa ne a ɓoye, domin zarto ne marar hayaniya. Babban injin yankan itace mai shan mai sai an ja igiya yake tashi, kuma ƙararsa takan gargaɗi duk wanda ke kusa. Wannan kuwa, muddin batir yana jikinsa, a shirye yake. Da yatsa ya danna kunamarsa, sarƙa mai haƙora ta tashi da gudun mita 5 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka ga ƙa'idar da za mu riƙa komawa gare ta cikin darasin nan: batir ba ya zama a jikin zarto sai a lokacin yanka. Za a ɗauke shi zuwa gona, za a gyara sarƙa, za a miƙa wa wani, za a ajiye a sha fura, a fara zare batir tukuna.

Abin da ke cikin batirin

Batirin wannan zarto ɗan uwan na wayar salula ne. Sunan sinadarin da ke cikinsa litiyom. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fitar da irinsa kasuwa a shekarar 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka ƙago shi kyautar Nobel. Kyawunsa shi ne yana tara wuta mai yawa a wuri kaɗan. Aibinsa ma daga nan ya fito, domin wutar da aka matse a ƙaramin wuri, in ta sami hanyar fita a lokaci guda, gobara ce. Ga shi kuma akwai wani ruwa a cikinsa mai saurin kama wuta. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa mai suna Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda baturanta suna kamawa da wuta. In haka ta faru ga babban kamfani, sai mu yi hattara da batirin da ba a san inda aka ƙera shi ba.

A cikin akwatin robar akwai ƙananan batura masu kama da na cocila, galibi guda 5 a jere. Harafin V da muke gani a jikin batir yana nuna ƙarfin turin wuta. Kowane ƙaramin batir yana ba da 3,6 V, in kuwa ya cika maƙil ya kai 4,2 V. Mu yi lissafi tare: 3,6 sau 5 ya ba mu 18, sannan 4,2 sau 5 ya ba mu 21. Ashe ke nan batirin da aka rubuta wa 18V da mai 20V da mai 21V duk abu ɗaya ne. A kasuwa za ku ga waɗanda aka yi wa rubutun 48V ko 88V da manyan haruffa. Sau da yawa kirarin talla ne kawai. Ku juya cajar da aka haɗo su da ita ku karanta: in an rubuta wutar da take fitarwa 21V ce, to ƙananan batura biyar ɗin nan ne a ciki, kada ku biya kuɗin abin da babu.

Haruffan Ah kuwa suna nuna yawan wutar da batir yake ɗauka, kamar girman randa. Mai 2Ah yana ɗaukar kusan abin da manyan wayoyin salula biyu suke ɗauka, mai 4Ah ninkin haka. Batir mai ɗauka da yawa dole ya yi nauyi. Wanda aka rubuta wa babbar lamba alhali a hannu sakayau yake, ku ajiye wa mai shi.

Caji: zafi ne babban abokin gaba

Masu ƙera waɗannan batura suna cewa a yi caji a inda zafi yake tsakanin digiri 10 da 40, kuma kada a ajiye su a inda ya kai digiri 50. Sanyin hunturunmu bai cika zama matsala ba. Matsalarmu bazara ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a ƙasar Damagaram yakan wuce digiri 40 da rana tsaka, na cikin ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Ga shi batir da kansa yana ɗumama a lokacin caji. Zafi biyu ke nan suka haɗu. In an yi sa'a, batirin zai tsufa da wuri, wanda ya kamata ya shekara uku ya mutu a shekara guda. In ba a yi sa'a ba, ya kumbura ya kama da wuta.

Don haka lokacin caji a bazara shi ne daga safiya zuwa hantsi, ko da yamma bayan iska ta yi sanyi. Daga azahar zuwa la'asar a bar shi ya huta. Haka kuma batirin da aka gama aiki da shi yanzu, jikinsa da ɗumi, a ba shi kamar rabin awa a inuwa kafin a jona. A gona kada a bar shi a rana bisa amalanke ko cikin akwatin babur. A gida, wurin da ya fi ko'ina sanyi shi ne inda ake girke randa. Ana iya ajiye shi kusa da nan, a kan abu busasshe inda ruwa ba ya kaiwa, inda kuma hannun yara ba ya kaiwa.

A ina za a yi cajin? A ƙasa tsura, ko bisa siminti, ko bisa bulo, a inuwa mai iska. Ban da bisa katifa, tabarma ko buhu. A nisanta shi daga kara, ciyawa, danga, rumbu da kwalaben mai. Kada a lulluɓe shi da zane don ƙura, gara a kakkaɓe ƙurar daga baya. Kada a yi caji a bakin ƙofar ɗakin da mutane suke ciki, domin in wuta ta tashi ta tare mafita. Mafi muhimmanci, kada a jona a kwanta barci. Mun san dalilin da ya sa ake yin haka, sau da yawa wuta da dare take samuwa. Amma gobarar dare a gidan da ke da rufin ciyawa da rumbu a gefe, kowa ya san abin da take bari.

Kowane batir da cajarsa. Caja ce take sanin lokacin da batir ya ƙoshi ta tsaida wuta, fitilarta ta juya daga ja zuwa kore. Da ta juya, a cire. Ga wani lissafi mai amfani: a jikin caja akwai lamba mai harafin A. A raba lambar Ah ta batir da lambar A ta caja, a sami kusan awoyin da caji zai ɗauka. Batir mai 2Ah da caja mai 1A, awa biyu ke nan da ƴan mintoci. In an ninka wannan lokaci fitila ba ta juya ba, akwai matsala, a cire. In a tsakiyar caji batir ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙe shi ba, shi ma a cire.

Akwai wata dabara da muke roƙo a bari. Faifan sola da ake kira mai 12V, in rana ta take, yana fitar da wajen 18 zuwa 22 V a bakin wayoyinsa. Wani mai ƙaramin sani sai ya ga lambar ta yi kusa da ta batirin zarto, ya haɗa su kai tsaye da wayoyi biyu. Batirin yana iya ɗaukar wuta, amma aikin caja na daidaita ta da tsaida ta ba ya nan, kuma a batura masu araha ba a dogara da wani mai tsaro a ciki. Hanyar da ta dace ita ce faifan sola ya cika babban batirin gida, a sa inbata ta juya wutarsa zuwa irin ta Nijelek, sannan a jona cajar zarto a nan. Mai amfani da janareto ya bari injin ya tashi ya daidaita kafin ya jona, ya kuma cire kafin ya kashe. Mai kai wa masu cajin waya a kasuwa ya tafi da cajarsa, ya faɗa musu su cire da fitila ta yi kore, kada kuma a tara batirinsa cikin tulin wayoyi.

A duba kuma wutar da caja take karɓa. Wutar Nijar da ta Najeriya wajen 220 V ce. Ta Amurka 120 V ce, kuma a cikin kayan gwanjo akan sami caja irin tasu, wadda da an jona ta a nan sai ta ƙone. Wadda aka rubuta wa 100-240V tana aiki ko'ina.

In aikin rani ya ƙare za a ajiye zarto har bayan damina, kada a ajiye batir a cike maƙil, kada kuma a ajiye shi babu komai. Rabi ya fi. Bayan wata uku a duba, a ɗan ƙara masa. Kada a jefa shi cikin jaka ɗaya da ƙusoshi, makullai ko kuɗin ƙarfe, domin in ƙarfe ya haɗa bakunansa biyu, tartsatsi ne zai biyo baya.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage bayan faɗuwa, ko ya faɗa ruwa, ko yake fitar da wani baƙon wari, aikinsa ya ƙare. Ba a huda shi, ba a fasa shi, ba a ba yara su ciri ƙananan baturan ciki su haɗa fitila. Ba a jefa shi a wuta, ko rijiya, ko masai, ko juji inda za a kwashi taki a kai gona. A sa shi cikin tsohuwar tukunyar ƙasa, a rufe da yashi busasshe, a ajiye nesa da ɗakuna. In kuwa batir ya fara huci yana hayaƙi, a kashe wutar da ke shiga caja daga can tushenta, a fitar da mutane, domin hayaƙin guba ne. Bayan an tabbata an raba shi da wutar lantarki, a zuba masa ruwa mai yawa ko yashi daga nesa. Ba a ɗaukarsa da hannu, sai da shebur. Irin wannan wuta takan mutu ta sake tashi, don haka a bar shi a fili kwana ɗaya ko biyu.

Kafin a fara yanka

Sarƙar zarto tana zagaya wani faffaɗan ƙarfe da za mu kira harshe, tsawonsa santimita 10 zuwa 20 a ƙananan zartuna. Da batir a cire, a duba ɗaurinta. A ɗan ja ta da yatsu a tsakiyar harshe: ta ɗago kaɗan, in an sake ta koma wurinta, kuma ta iya zagayawa in an tura ta da hannu mai safa. In tana reto a ƙasa, za ta iya zamewa a tsakiyar aiki. Sabuwar sarƙa tana saurin saki, sai a riƙa dubawa bayan kowane ƴan yanka. Haƙoran da ke saman harshe, kaifinsu gaba yake kallo. In an sa ta a juye, sai dai ta yi ta gugar itace tana hayaƙi.

Yawancin ƙananan zartuna ba su da tankin mai, da hannu ake ɗiga wa sarƙa mai kafin aiki da tsakiyar aiki. Kada a sa baƙin man da aka juye daga inji. Yana cike da datti mai cin ƙarfe, yana cutar da fata, ga shi sarƙa tana watsa shi a kan ganyen da dabbobi za su ci. In babu man sarƙa, man gyaɗa yana yi, sai dai a goge shi bayan aiki don kada ya daskare.

Yashi shi ne ajalin kaifi, mu kuwa gonakinmu jigawa ne. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ta dakushe. Reshen da ke kwance a ɗora shi bisa wani gungume, a kakkaɓe yashin jikinsa kafin a yanka. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, dakusassa kuwa gari take fitarwa. Dakusassa tana cinye batir, tana sa mutum ya danna da ƙarfi, a nan ne kuma hannu yake zamewa. Ana wasa ta da siririn magagari mai zagaye daidai girman haƙoranta.

Sai sutura. Babbar riga, rawani mai jela, gyale, carbi a wuya, duk abin da ke reto a cire shi ko a ɗaure. A sa takalmi rufaffe, ban da silifa. A sa tabarau, domin ɓarɓashi da ƙayar gawo ido suke nema. Wanda ya sha ƙwayar tramol don ƙarfin aiki, ko wanda gajiya da ƙishirwa suka galabaitar, ya ajiye zarto sai gobe.

Riƙo da yanka

Ƙanƙantar zarton ita ce take yaudara. Mutum yana ganin hannu ɗaya ya isa, sai ya kama reshe da hagu, ya yanka da dama. Zarto ya yi tsalle, ko ya ratsa reshen da wuri fiye da zato, ya sauka a hannun hagu. Wannan shi ne raunin da ya fi kama da irin wannan zarto. Maganinsa hannu biyu su kasance a jikin zarto, a bayan garkuwarsa. In itacen yana motsi, a ɗaure shi, ko a danne shi tsakanin gungume biyu. Kada a ce yaro ya riƙe. Yara da dabbobi su yi nesa da taki goma ko fiye, in kuma wani ya matso da magana, a saki kunama a saurare shi.

A tsaya da ƙafafu a ware, zarto a ɗan gefen jiki, yadda in ya yi tsalle ba zai sami fuska ba. A bar sarƙa ta kai cikakken gudunta kafin ta taɓa itace, a yanka da gindin harshe, kusa da jikin zarton. Kan harshe, musamman ɓangarensa na sama, shi ne wurin haɗari: in ya taɓa wani reshe ko ya maƙale, zarto yakan yi harbi sama da baya, da saurin da mutum ba zai iya kaucewa ba. Ba a danna zarto, nauyinsa da kaifinsa ne suke aiki. In itace ya matse harshe, a saki kunama, a zare batir, sannan a buɗa yankan da sanda. Maɓallin tsaro da ake dannawa kafin kunama, kada a ɗaure shi da roba don neman sauƙi.

Ba a yanka sama da kafaɗa. Ba a hawa itace ko tsani da wannan zarto. Reshen da ke can sama, akwai zarto mai doguwar sanda da ake aiki da shi daga ƙasa, mutum yana tsaye a gefe, ba ƙarƙashin reshen ba. Kafin a taɓa kowane itace a ɗaga kai a duba amya ko gidan zuma, busasshen reshe mai shirin faɗowa, da wayar lantarki. Tsiraran rassa masu kaurin yatsa kuwa, sarƙa fizgarsu take yi ta watsa wa mutum a fuska. Wuƙa ko adda mai kaifi ta fi dacewa da su.

Kafintoci masu zarto mai faifai, ƙa'idar batir ɗaya ce. Ƙari a kanta, kada a ɗaure murfin da ke rufe faifan, kada hannu ya shiga ƙarƙashin katako, kuma kada a taɓa ɗaura faifan yankan itace a injin gugar ƙarfe, domin gudunsa ya fi ƙarfin faifan, kuma ba shi da irin murfin da zai tare shi.

Zarto da gawo

A nan ne maganar ta fi shafar mu mutanen wannan yanki. Ana ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, saran gawo laifi ne mai tsananin hukunci. Bayan fari da yunwar 1984, iyayenmu a ƙasashen Matamaye, Magarya da Mirya suka shiga barin ƴaƴan gawo a gonakinsu suna rainon su. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya nuna wannan aiki ya kai kimanin hekta miliyan ɗaya a waɗannan yankuna uku, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa gani. Kowa ya san dalili. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki. Da rani kuma, lokacin da kowane itace ya bushe, shi yake kore, dabbobi su ci ganyensa da ƴaƴansa.

Zarto yana iya zama alheri ga wannan dukiya. Saran gatari yakan bar reshe a farfashe, ɓawo a yage, ruwa da ƙwari su shiga. Yankan zarto sumul yake, itace yana saurin rufe shi. Reshe mai nauyi ana cire shi da yanka uku. Na farko daga ƙasan reshe, kamar kamu ɗaya da rabi daga jikin itace, a shiga sulusin kaurinsa a tsaya. Na biyu daga sama, gaba kaɗan da na farko, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ne yake hana ɓawo ya yage ya bi jikin itace. Na uku a cire guntun da ya rage, dab da kumburin da ke gindin reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan ne sabon ɓawo yake tasowa ya rufe ciwon. Kada a cire fiye da sulusin rassan itace a shekara guda, kada kuma a taɓa kansa. Gawon da aka yi wa aski ƙwal yakan daɗe bai ba da ƴaƴan kirki ba.

Amma mu faɗi gaskiya, sauƙin nan abin tsoro ne. Ƙarar gatari ita ce take gadin gonaki: mai sara da dare, ana jin sa daga cikin gari. Itacen da aka shekara ashirin ana raino, wannan zarto yana iya kwashe rassansa cikin ɗan lokaci, wanda ke nesa bai ji ba. A ganinmu, garin da zarto ya shiga ya kamata mai gari da manoma da makiyaya su zauna su san hannun wanda yake, su kuma ƙarfafa masu sa ido, kamar yadda mutanen Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu. Doka ma tana nan. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004 ita ce take tsara saran itace a ƙasa, gawo kuma yana cikin itatuwan da hukuma take karewa. Wata doka ta 30 ga Yuli 2020 ta amince wa manomi cin amfanin itacen da ya raina a gonarsa. Duk da haka, mai niyyar kayar da itace ya fara ganin ma'aikatan gandun daji. Ƙaramin zarton nan ma ba don kayar da manyan itatuwa aka yi shi ba.

In tsautsayi ya faru

Raunin sarƙa ba kamar na wuƙa ba ne. Yaga nama take yi, ta cusa mai da ɓarɓashi a ciki. Abu na farko a tsaida jini: a sami tsumma mai tsabta a danna kan raunin da ƙarfi, minti 10 cur ba tare da ɗagawa a leƙa ba, a ɗaga hannun ko ƙafar sama. In tsumman ya jiƙe a ƙara wani a kansa. Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu, garin taba, mai ko baƙin garin batir. Ba sa warkarwa, cuta suke shigarwa. In jini yana tsartuwa, danna ta kasa tsaida shi, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a murɗa da ɗan sanda har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaura don a faɗa wa likita, kada kuma a kwance a hanya. Ban da waya ko siririyar igiya. In yatsa ya fita, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda, a tafi da shi cikin sanyi, amma kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye.

Daga nan sai cibiyar lafiya mafi kusa, ba tare da jiran gobe ba. Su ne za su ga ko a wuce asibitin Matamaye ko Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. Ko da raunin ƙarami ne, in yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu ba a jin taɓi, jijiya ce ta yanke, kuma ɗinkinta yana son gaggawa. Ɓarɓashi a ido ba a murzawa, a wanke da ruwa mai tsabta. Ruwan batir in ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa har minti 15 sannan a tafi likita.

Sai maganar tetanus, ciwon nan da ke datse haƙora ya sandare jiki. Ƙwayarsa tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni, alamunta kuma suna fitowa galibi tsakanin kwana 3 da 21, sau da yawa bayan an ɗauka rauni ya warke. Mata sukan sami allurarsa a wurin awon ciki. Maza manya kuwa da yawa rabonsu da ita tun suna goye. Duk mai aiki da zarto, gatari ko hauya ya je ya tambayi wannan allura tun kafin ya ji ciwo, in kuma ya ji, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya yaushe rabonsa da ita.

Aikin aji

Malaman yaƙi da jahilci, a zama mai zuwa ku sa ɗalibai su zo da duk cajar da ke gidajensu, ta waya, ta fitila ko ta zarto. Ko rubutun jikinta da wane harshe ne, lambobin namu ne duka. Kowa ya nemo wutar da take karɓa, da wadda take fitarwa, da lamba mai harafin A, ya rubuta a allo. Sannan ku yi wannan lissafi tare: batir mai 4Ah, caja mai 2A, an jona da ƙarfe 7 na safe. Da ƙarfe nawa ya kamata a je a duba fitila?